Ranar da Yaya Ya Ari Robar Bakin Malam

Ƙarar cokali ce ta fara komai. Kwal ɗaya kawai, cokali ya faɗa cikin kwanon tasa. Ina bakin murhu ina kwashe sauran shinkafa, na waiwaya, sai na ga Malam, maigidana, zaune a kan tabarma a inuwar dogonyaro, kansa ya sunkuya, hannunsa a buɗe, lomar da ya kai baki ko haɗiye ta bai yi ba. Barci ya ɗauke shi tsakanin loma da loma, alhali ko azahar ba a kira ba.

Malam malamin gona ne. A nan Talata Mafara muke zaune, amma aikinsa kullum a kan babur yake, yau Bakura wajen masu noman rani, gobe Faru ko Tsibiri. Sauran matan unguwa idan mazansu suka kama hanya, abin da ke cikin daji suke tsoro. Ni ma ina tsoronsa, amma daga ranar cokalin nan na ƙara wani tsoron: mutumin da zai yi barci da abinci a baki, me zai hana shi yi da kan babur a hannu?

Minshari kam tun ina amarya na san shi da shi, har na daina ji. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai bayan nan shi ne yankewarsa. Idan ya kishingiɗa bayan azahar, minsharin yakan tafi, ya tafi, sai ya tsaya cak. Ƙirjinsa na motsi kamar ana jan akuya da igiya, amma iska ba ta shiga. Na fara aunawa da tasbihi. Wani lokaci sai na yi subhanallahi ashirin kafin ya shaƙo numfashi da ƙarfi, kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya ya ci gaba. Idan ya tashi na faɗa masa, sai ya ce shi bai san an yi ba.

Aikin gida ba ya barina in zauna a kansa, sai na ɗora wa autarmu, yarinya 'yar shekara shida. Na ce, "Zauna nan kusa da ƙafar Baba. In kin ji ya yi shiru, ki taɓa shi." Ƙawayenta na waje suna 'yar gala-gala suna kiranta, ita tana zaune ta naɗe ƙafa, idonta a kan ƙirjin ubanta. Ba ta taɓa yi mini gardama ba. Har yau idan na tuna, sai in nemi gafarar Allah.

Da ƙyar na shawo kansa muka je babban asibiti a Sakkwato. Suka kwantar da shi kwana ɗaya da wayoyi a hanci da yatsa, da safe likita ya ce abin da na gani gaskiya ne: idan ya yi barci, harshe da naman maƙogwaro suna faɗawa baya su toshe hanyar iska. Ya ce akwai na'ura mai hura iska da ake sa wa a fuska, sai ya tambayi yadda wutar lantarki take a wajenmu. Ni da Malam muka yi dariya tare. Sai ya tura mu wajen likitar haƙori.

Ita ce ta cusa masa wani abu mai kama da ƙullun alkama a baki, sama da ƙasa, ta ɗauki siffar haƙoransa. Da muka koma bayan mako biyu, ta miƙo mana roba guda ɗaya mai haske, mai tauri, sama da ƙasa a haɗe, kowane haƙori da gurbinsa. Idan ya sa, muƙamuƙinsa na ƙasa sai ya ɗan turo gaba, hanyar iska ta buɗe. Ta ce irinta suke yi wa yara masu haƙoran da suka turo waje, don a daidaita musu baki. Ta kalle ni, don ta gane wa zai kula da abin, ta ce, "Hajiya, ruwan sanyi kawai. Ko da wasa kada ruwan zafi ya taɓa ta. Kuma bakinsa kaɗai aka yi wa." Ta haɗa mana da siffar haƙoran da aka zuba da farar ƙasa, ta ce mu adana.

A mota Malam ya ce in jefar da wannan siffa. Wai haƙoran mutum a ajiye a gida, idan suka faɗa hannun mugu fa? Na ce to. Da muka iso na naɗe su a tsohon ɗankwali, na sa a cikin kwanon samira na can ƙasa, wanda ba a buɗewa sai da biki.

Makon farko ya sha wahala. Yawu ya jiƙa matashi, muƙamuƙi na ciwo da safe, kuma idan robar na baki ba ya iya magana, sai dai ya yi nuni kamar bebe. Amma minsharin ya koma ɗan huci. Cikin wata guda mutumin nan ya dawo mini. Ya daina gyangyaɗi a kan abinci, ya daina tashi da ciwon kai, har ya koma karanta Alƙur'ani bayan asuba ba tare da kansa ya faɗa kan shafi ba. Na sallami auta daga gadi. Robar kuwa na ware mata kofi mai murfi a kan kantar ɗakinmu, ina wanke ta da hannuna.

To sai Yaya.

Yaya wan Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana sayar da hatsi a Maradun. Kowace Talata yakan zo cin kasuwa, ya sauka a zaurenmu, ya ci, ya sha, ya yi barci, ya gyara mana rayuwa, ya tafi. Allah ya yafe mini, amma ban taɓa ganin mutumin da ya san komai irinsa ba. Ya fi malamin gona sanin taki, ya fi likita sanin hawan jini, ya fi ni sanin yawan daddawar da miyata take bukata. Haƙoransa na gaba huɗu suka rage, su ma goro ya rine su kamar an tsoma a jan rini. Kuma mutum ne mai aro. Ya ari rediyon Malam, ya dawo da shi ba eriya, ya ce dama ba mai kyau ba ne. Ya ari injin feshi, ya dawo yana yoyo. Har tabarau na karatu ya taɓa ara, ya dawo da su ƙafa ɗaya, yana faɗan cewa suna sa shi jiri. Malam ba ya iya ce masa a'a. A gidansu ƙane ba ya hana wa abu, ko da kuwa rigar jikinsa ce. Ni kuma matar ƙane ce, tsakanina da shi sai gaisuwa daga bayan labule, kai a ƙasa.

Wata Talata Malam ya manta ya fita zaure daga barcin rana da robar a baki. Ina jin su ta tagar ɗakin girki.

"Subhanallahi! Mine ne wanga? Linzami anka sa maka?"

Malam ya cire, ya yi masa bayani a hankali.

"Kai dai an gama da kai," in ji Yaya. "'Yar bokon ga ta Bakura ta kai ka an sa maka takunkumi awa ɗan maraƙi. Minshari ciwo ne? Tsohonmu in ya kwanta har maƙwabta sai sun sani, wa yat taɓa sa mai roba?"

Ni yake nufi, don ni 'yar Bakura ce. Ina riƙe da muciya na ce a raina, tsohon naku ai kwanciyar rana ya yi bai tashi ba, gemunsa ko fari bai gama yi ba, Allah ya jiƙansa. Na ci gaba da tuƙin tuwona. Kafin magariba duk majalisar ƙofar gida ta ji labarin linzami. Har mai shayi sai da ya tambayi Malam ko za a ƙaro masa da sirdi.

Wannan mutumin da ya yi ta yawo da mu a baki, shi ne ya dawo ana saura kwana biyu a shiga goman ƙarshe na azumi, murya ƙasa-ƙasa. Ashe an yi zaman makoki a Tsibiri, ya kwana a zaure ɗaya da manyan mutane, minsharinsa ya kore su duka zuwa waje, da safe suka yi ta yi masa dariya. Ga shi ya riga ya shelanta wa duk Maradun cewa bana zai shiga i'itikafi a masallaci, inda za a kwana jere da limamai da alhazai.

"Ɗan linzamin nan naka," ya ce, "ba ni shi in gani kwana goma. Ba don na yarda da shi ba."

Malam ya shigo ɗaki bai kalle ni ba, ya nufi kanta. Na ce, "Malam, likita ta ce bakinka kaɗai."

"Na sani."

"Abin da ke shiga baki fa. Ko asawaki ba a aro."

"Yaya ne," ya ce. "Mi zan ce mishi?"

Ya ɗauka, har da kofin.

A ranar minsharin ya dawo, da yankewarsa, kamar dama yana laɓe a bayan ƙofa. Ban ce wa auta komai ba. Washegari da rana na fito daga wanka, sai na gan ta ta koma wurinta, ta naɗe ƙafa kusa da ƙafar ubanta.

Ga azumi, ga zafin bazara, ga barcin da ba ya ƙosarwa. A kwana na shida aka kawo mini Malam a bayan wata motar ɗaukar albasa. A hanyar Faru barci ya ɗauke shi, babur ya sauka daga hanya ya shiga kwalbati. Allah ya taƙaita, ƙashin kafaɗa ne ya goce, gefen fuska ya ɗaye. Mutanen da suka tsince shi suka ce da ya ƙara taku goma, gindin wata tsamiya zai daka. Na yi ta gasa masa kafaɗa ina kuka ba sauti, don kada yara su ji. Na roƙe shi ya aika a karɓo robar. Ya ce mutum yana cikin ibada a ɗakin Allah, ba za a je a fito da shi a kan roba ba.

Yaya bai zo duba shi ba sai Talatar bayan salla. Ya shigo da babbar riga sabuwa, ya yi jaje, ya bayyana cewa laifin tayar gaba ce, shi dama ya daɗe yana faɗa. Sannan ya laluba aljihu ya fito da wani abu a ƙunshe cikin ledar goro. Kofin ma bai dawo ba.

"Ga abinku. Likitocin nan ba su iya aiki ba, ko shiga baki ba ya yi. Sai da nis sa anka tafasa ruwa nit tsoma shi yay yi laushi, nic cije shi da kyau. Bayan kuma yana sukar dasashi, nis sa reza nir rage. Na gyara muku shi. Amma ko hakan bai hana komi ba, aikin banza ne."

Auta ce ta kawo mini ledar ciki. Na buɗe. Robar da nake wankewa kamar jariri ta karkace kamar busasshen ɓawon kabewa, ta yi ja da goro, gurbin haƙoran Malam duk sun shafe, sai ramuka huɗu a gaba. Daga zaure na ji muryar maigidana, da kafaɗarsa a ɗaure, yana cewa, "An gode, Yaya. Allah shi saka."

An gode! Na zauna a kan turmi na daɗe ina kallon abin nan. Na san raina mutum ba kyau, balle wan miji, balle wanda ya fito daga i'itikafi. Na yi istigfari ya fi a ƙirga, amma raini bai fita ba. Mutum ya kwana goma a masallaci da numfashin ƙanensa a aljihu, ya fito yana jiran godiya.

Malam ya ce shi ba zai koma asibiti ba. Da wane ido zai kalli likita ya ce wansa ya tauna? Kuma a sake cusa masa ƙullun nan, a sake jira. Sai na tashi na sauke jeren samira ɗaya bayan ɗaya, na kwance ɗankwali, na ajiye masa haƙoransa na farar ƙasa a gabansa.

Ya kalle su, ya kalle ni. "Ba na ce ki yar ba?"

"Ka ce."

Da kafaɗar ta yi sauƙi muka tafi. Likitar ta juya tsohuwar robar a hannunta da safar roba, ta ce, "Wane ne ya yi wannan?" Malam ya ce ruwan zafi ne. Ta dubi ramukan nan huɗu, ta dubi bakin Malam mai cike da haƙora, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Mace ce mai hankali, ba ta ƙara tambaya ba. Ta duba bakinsa, ta gwada da siffar da na adana, ta ce ba abin da ya sauya, za a yi sabuwa a kanta. Ta ƙara da cewa idan akwai wani a gida mai irin wannan matsala, a kawo shi a duba, kuma mai ƙarancin haƙora ma wataƙila ba irin wannan ce za ta yi masa ba.

Sabuwar ta yi sati uku a gidan kafin labari ya kai Maradun. Ranar Talata na aika da fura da tuwo zaure kamar kullum. Ina jin Yaya yana buɗe kwano.

"An ce an yi maka wata. To waccan da nig gyara ai tana nan, sai ka riƙa sa ta. Sabuwar ka ba ni in gwada, wataƙila wagga sun yi ta da kyau. Akwai tafiya da za mu yi da alhazai."

Sai na ji takun Malam yana tahowa. Kafin ya iso na riga shi kanta, na ɗauke robar na ƙulle a bakin zanena. Ya buɗe sabon kofin, ya ga wayam. Ya kalle ni, fuskarsa har yanzu da tabon kwalbati. Na ɗauki hijabi na sa, na wuce shi.

Shekara goma sha tara ina gidan nan, ban taɓa yi wa Yaya magana da ta wuce gaisuwa ba. Na durƙusa a bayan labulen zaure. Na gaishe shi, na tambayi gida, da iyali, da kasuwa, da hanya, da gajiya, ban rage ko ɗaya ba. Ya amsa yana tauna.

Na ce, "Yaya, a yi mini haƙuri, a kan robar nan ne. Tana hannuna. An auna ta da bakin ƙanenka, kuma in babu ita numfashinsa tsayawa yake. Ka ga abin da ya faru a hanyar Faru. Likita ta ce in kana so ka zo a duba ka, Malam zai raka ka. Amma wagga ba ta fita gidan ga."

Taunar ta tsaya.

"Da wa kike magana?"

"Da kai, Yaya. Allah shi ba ka haƙuri."

"Kai!" ya ɗaga murya yana kiran ƙanensa. "Kana ji? Kana tsaye matarka na hana ni abu cikin gidanka? Ashe linzamin ba a baki kaɗai yake ba!"

Malam yana bayana. Na jira ya ce in kawo. Da ya ce, ban san abin da zan yi ba, har yau ban sani ba. Sai na ji ya yi gyaran murya ya ce, can ƙasa, "Yaya, in ka shirya zuwa Sakkwato, ni ka kai ka."

Yaya ya yi faɗa sosai. Ya ambaci boko, ya ambaci mutanen Bakura, ya ambaci zamani, ya rantse ba zai ƙara taka gidan ba. Ya karkaɗe riga ya fita. Da aka kwaso kwanuka na duba: tuwon babu ko loma, furar ma ya shanye har ƙasa. Talata na zagayowa kuwa sai ga shi, wai hanya ce ta biyo da shi. Sakkwato dai bai je ba har yau. Ina yi masa addu'a, don na san abin da ke maƙogwaronsa, kuma na san yadda tsohonsu ya tafi. Amma ina yi ne haƙorana a cije.

A ranar da abin ya faru, bayan Yaya ya fita, gidan ya yi tsit. Malam ya yi azahar ya dawo, bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini godiya ba. Ya shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, ya miƙo mini hannu kawai. Na kwance bakin zane, na ɗauraye robar da ruwan randa, na ba shi. Ya sa, ya kwanta a kan kafaɗarsa mai lafiya.

Na koma wanke-wanke. Ban lura auta ta je ta zauna a wurinta ba, don tun da aka kawo sabuwar na ce mata ta daina, ashe ba ta yarda ba. Ƙawayenta suna ta kiranta daga waje. Har inuwa ta juya, la'asar ta kusa, sannan na ji an ja mini gefen zane. Ta matso kusa da kunnena don kada ta tashe shi.

"Inna, na saurara tun ɗazu, Baba bai tsaya ba ko sau ɗaya. In tafi wasa yanzu?"